Agogon Merv da Takardar Noeline

Shekara arba'in da ɗaya Merv Doolan ya yi yana ba jiragen ƙasa hannu a reluwen Queensland, daga Hughenden zuwa Emerald, ya ƙare a Ipswich, kuma ba a taɓa cewa jirgi ya makara saboda shi ba. Shi ya faɗa mini haka, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Ni Glenys, da katanga ɗaya ta raba gidana da nasa shekara ashirin da shida, abin da zan iya shaida shi ne da fitowar Merv da kwandon shara nake saita agogon kicin ɗina. Shi ya sa nake kiransa Agogo sarkin aiki. Ya tsani sunan, ni kuwa abin da mutum ya tsana shi nake riƙewa. Shekara talatin na yi a bayan kantar mashaya ina zuba wa maza giya ina gaya musu gaskiyar da matansu suka gaji da faɗa, ai hali ba ya ritaya. Shi ma ya rama, ya sa mini Rediyo mai jini.

Dogo ne siriri, kamar an dasa shi a bakin layin dogo an manta. Ga kunnuwa fatan-fatan, amma na ado ne, ƙarar jirgi ta cinye su tun yana da shekara hamsin, sai da ɗan abin jin magana da yake cusawa. A hannunsa akwai agogon ƙarfe irin wanda ake yi wa wani da hannu, wanda reluwe ta ba shi ranar sallama. Matarsa Noeline kishiyar halinsa ce: gajeruwa, mai ƙiba, mai dariya da duk jikinta. Abinci take dafa wa yara a makarantar firamare, rabin Ipswich ta ci daga hannunta. Yadda aka yi dariya ta auri jadawali, Allah kaɗai ya sani.

Da ya yi ritaya sai suka kama yawon teku, sau biyu a shekara, daga Brisbane zuwa tsibirai a dawo. Ni ma na bi sahu bayan mijina na biyu, Col, ya yi mini alherin mutuwa ya bar mini ɗan abin yawo. Wasu don abinci suke shiga jirgin, wasu don caca, ni don in zauna a inuwa in kushe kayan wankan mutane. Merv don takarda yake shiga.

Kowace yamma mai gyaran ɗaki yakan ajiye takarda mai shafi huɗu a kan gado. Duk abin da gobe za ta ƙunsa yana ciki: fitowar rana, lokutan abinci, rawa, wasan bingo, lokacin da kwalekwale na ƙarshe zai baro tsibiri. Can ƙasa kuma, ranar da ya kama, akwai ɗan akwati mai baƙin zagaye: kafin ku kwanta ku tura agogonku gaba da awa ɗaya. Merv zai zauna da alƙalami rawaya da rula, ya ja wa abin da za su yi layi. Na taɓa ce masa, "Agogo, da haka ka karanta Littafi Mai Tsarki da yanzu kai ne bishop." Ya ce, "Da akwai lokutan tashi a ciki da na karanta."

Ciwon mantuwa a hankali ya shigo wa Noeline, kamar ruwan da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa. Yau makulli a firji, gobe ta tsaya tsakiyar kanti ba ta san abin da ya kawo ta ba. Wata rana ta ɗora butar lantarki a kan gas, roba ta narke, hayaƙi har gidana. Merv ya ɓoye butar bayan rumfar kayan aiki ya ce mini burodi ne ya ƙone. Na ce, "Burodin roba kuke ci yanzu?" Bai yi dariya ba.

Shi ne ya lura cewa a jirgi ba ta ruɗewa. Takarda na rataye a wuyanta cikin 'yar jakar roba tare da katin ɗaki, in ta rasa inda take sai ta duba takarda ta duba agogo, ta ga ƙarfe goma rawa ce a bene na biyar, ta tafi abinta tana waƙa. Da suka dawo gida sai ya fara rubuta mata irinta da hannu, kowace yamma, har da fitowar rana a sama. Ƙarfe bakwai shayi. Takwas magani. Tara shanya. Kowace safiya yakan saita agogon hannunta da nasa. Ya kuma koya mata doka ɗaya, ya yi ta maimaita ta har ta zauna a wurin da ciwon bai kai ba: "Kada ki yarda da kanki, Noeline. Kada ki yarda da kowa, ko da ni ne. Dubi takarda, dubi agogo."

Shekara uku ya riƙe ta da wannan. A coci ba wanda ya gane. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. 'Yarsu ɗaya tak, Kerryn, ta zo hutun Ista daga Melbourne, uwar ta kira ta da sunan ƙanwarta da ta mutu tun kafin a haifi Kerryn ɗin. Yarinya ba sakarya ba ce. Ta zagaya bayan rumfa ta ga buta. Kafin ta koma ta sa sunan uwarta a layin wani gidan kula da tsofaffi, bayan wata biyar aka ce gado ya samu, a ba da amsa cikin mako uku.

Ta katanga na ji rigimar, ba laɓe na yi ba, taga suka bari a buɗe.

"Baba, shekararka saba'in da tara. Ranar da ka faɗi a banɗaki fa? Wa zai rubuta mata takardar?"

"Ban taɓa faɗuwa ba."

"Ba ka taɓa mutuwa ba ma, amma ka sayi kabari."

Na ce a raina, wannan da ni na haife ta. Ƙarshe Merv ya kawo shawara: Kerryn ta bi su jirgi, kwana goma, ta ga uwarta da idonta. In ta ga tana tafiyar da kanta, a yaga fom ɗin gidan tsofaffin. In ba haka ba, shi da kansa zai sa hannu. Wayo ya yi, ya zaɓi filin da ya san ba a kayar da shi. Tafiyarsu ta goma sha tara ke nan.

Muka shiga jirgi a Brisbane. Yamma ta yi, kan gado ba takarda, sai wani ɗan kati mai hoton waya yana cewa yanzu komai na cikin manhaja. Merv ya ja ni muka tafi teburin karɓar baƙi, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

"Yallaɓai, mun daina bugawa," in ji yarinyar da ke wurin, da murmushin da aka koya mata. "Don mu ceci itatuwa ne. A waya ya fi sauƙi ai, kana taɓawa ka gani."

Na ce, "'Yar nan, jirginku na shan mai kamar wutar jahannama, kowane kofin giya kun soka masa lema ta takarda, sai a kan tsohon nan kuka tuna da itatuwa?"

Ta ce za ta rubuta lambar ɗakinsa, ko za a samu a buga masa. Har muka sauka daga jirgin nan takardar ba ta zo ba.

Kerryn ta riga ta saya wa iyayenta waya guda ta sa musu manhajar. Ta miƙa wa uwarta. Noeline ta riƙe, ta kalla, allon ya yi baƙi. Ta juya bayanta ko rubutun ya koma can. Na ga idonta ya fara yawo. Takarda in ka ajiye ta, yadda ka bar ta haka za ka same ta. Wannan abin kuwa ka ɗauke ido ya rufe fuska, sai ka tuna yadda ake lallashinsa, ita kuma tunawar ce babu. Merv ya karɓe wayar da sauri ya ce batir ne, ya jefa ta cikin durowa tare da safa.

Sai muka ƙulla, ni da shi. Kullum ƙarfe huɗu, lokacin shayi, sa'ad da Kerryn take wurin motsa jiki, zan buɗe manhajar a wayata in karanta masa shirin gobe, shi kuma ya rubuta a takardar wasiƙa ta jirgi, da rula da alƙalami rawaya.

"Sannu a hankali, Rediyo. Rawar ƙarfe nawa?"

"Goma da kwata. Ka ƙara ƙarar kunnen naka mana, ko sai na hau tebur?"

"Shekara ashirin da shida ina roƙon Allah ya rage miki murya, yau ya amsa a ranar da ba na so."

Kwana biyun da muka yi a tsakiyar teku Noeline ta haskaka. Ta yi rawa, ta ci tawul a bingo, ta je ɗakin cin abinci ita kaɗai ta riga mu zama. Kerryn tana binta da ido kamar mage da ɓera, ba ta kama komai ba. Rana ta biyu da rana ta same ni a bakin wurin wanka ta ce, "Anti Glenys, anya ban yi gaggawa ba?" Na ce, "Ke kika sani. Ni dai na ga masu cikakken hankali a jirgin nan da ba su kai ta natsuwa ba."

A yammar nan ne. Ina cikin karanta wa Merv shirin tsibiri, sai wani ɗan saƙo ya faɗo a saman allon ya rufe mini layi. Na ga kalmar agogo, na ga awa ɗaya. Na ture shi da babban yatsa kamar ƙuda, don ni wayata ita ke gyara lokacinta, rabona da ɗaura agogo tun Col na da rai. Na ci gaba: kwalekwale na ƙarshe ƙarfe uku da rabi. Ya rubuta, ya ja masa layi biyu. An ce kyaftin ma ya faɗa a lasifika da tsakar rana, amma lasifika a kunnen Merv kukan ƙudan zuma ne a gwangwani. Shekara goma yana samun wannan labari a akwati mai baƙin zagaye a ƙasan shafi na huɗu. Bana babu shafi na huɗu.

Gari ya waye mun tsaya a gefen wani ɗan tsibiri na Vanuatu, wanda ba mai kwana a kansa, masu sayar da kaya ma da kwalekwale suke zuwa su koma. Merv ya ce wa Kerryn ta tafi iyo ta kalli kifi abinta. "Yau ki bar mu mu kaɗai, ni da uwarki. Da yamma ki zo ki tarar da mu a ɗaki mun yi wanka." Ta yarda. Ni ma na ƙi bin su, na ce ba zan zama fitila tsakanin masoya ba. Suka ratsa zuwa bayan tsibirin, inda ba kowa, ƙarƙashin wata bishiya da suke zama tun tafiyarsu ta farko.

Ƙarfe uku na dawo jirgi. Uku da rabi jirgi ya yi kuka. Huɗu saura kwata lasifika ta fara kiran suna biyu: Mervyn Doolan, Noeline Doolan. Ina jin haka shayin da ke bakina ya koma ruwan wanki. Ba sai an gaya mini ba. Babban yatsana na duba.

Kerryn na samu a ƙofar sauka. Na ce wa jami'in tsaro, wani ƙaton mutumin Fiji mai sanyin murya, na san inda suke. Aka saukar da kwalekwale ɗaya dominmu, mu uku da matuƙi. Ban taɓa sanin gwiwoyina na iya sauri a yashi ba sai ranar.

Merv na kwance a kan tawul ɗin bingo yana barci, hula a fuska. Ya cire abin kunnensa ya sa a gwangwani don kada ruwan gishiri ya ɓata shi. Noeline na zaune kusa da shi a miƙe, takarda a hannu ɗaya, ido a kan agogo. Ta haɗa kayansu tsaf, takalma a jere.

"Mama! Ba ki ji jirgi na kuka ba?"

"Na ji mana," in ji Noeline. "Sau uku. Amma lokaci bai yi ba. Uku da minti biyar yanzu. Uku da minti goma za mu tashi, ga shi a rubuce."

"Huɗu ta wuce, Mama! Tashi!"

Kerryn ta kama hannunta. A nan komai ya rushe. Noeline ta dubi wannan mata mai jiƙaƙƙen gashi da ke jan ta, ta dubi ƙaton baƙo cikin farin kaya, ta ƙanƙame takardar a ƙirji. "Sake ni! Ban san ki ba! Mervyn ya ce kada in yarda da kowa!" Jami'in ya sunkuya yana cewa, "Uwa, yi haƙuri, zo mu je," ta kai masa mari, ta kwarma ihu irin wanda ban taɓa ji daga bakin babban mutum ba. Sai fitsari ya biyo ƙafarta, a gaban 'yarta.

Merv ya farka yana laluben gwangwani. Ya cusa abin kunne, ya dubi agogonsa, ya ce, "Mene ne haka? Saura minti ashirin da biyar." Jami'in ya nuna masa nasa agogon. Na ga Merv ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ɗaga kai ya dubi rana, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a fili, ya ga inda ta kai. Sannan ya durƙusa gaban matarsa.

"Noeline, tashi mu tafi. Takardar ce ba daidai ba."

"Ka ce ko kai ne kada in yarda."

Haka muka tsaya, mutum huɗu a kan tsohuwa ɗaya, jirgi mai ɗauke da mutum dubu uku na jira, har agogon hannunta ya nuna uku da minti goma. Sai ta miƙe da kanta, ta kakkaɓe yashi, ta sa takalmi ta ce, "To, mu je."

Akwai wata al'ada ta masu yawon teku. In wani ya makara, sai jama'a su jeru a barandar ɗakunansu da kofuna a hannu, su yi masa ihu da tafi da fito. Ni kaina gwanar abin ce, nakan kama wuri tun da wuri. Ranar daga ƙasa na gan shi. Bene goma na fuskoki, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Wani ya ƙwala, "Kaka, a saya maka agogo ne?" Na ɗaga kai na aika masa da abin da ba zan rubuta a nan ba, amma iska ta kwashe. Merv ya cire rigarsa ya ɗaura wa Noeline a ƙugu don ya rufe jiƙar, ya hau matakala da ƙirji a waje, ƙasusuwa a jere. Ita kuwa ta ɗauka murna ake musu, tana ɗaga hannu.

Bai jira Brisbane ba. Washegari da safe ya ce Kerryn ta kawo fom ɗin. Ita ce ma take kuka tana cewa a bari a sauka tukuna.

"Baba, ba laifinka ba ne. Kowa na iya yin wannan kuskure."

"Uwarki ba ta yi kuskure ko ɗaya ba," in ji shi. "Abin da na ba ta ta bi. Ni ne mai sigina." Ya sa hannu, har da kwanan wata.

Sauran kwana shidan ba su fito daga ɗaki ba sai cin abinci. Ban ƙara karanta masa komai ba, bai kuma nema ba.

Mako biyu da dawowarmu aka kai ta. Gidan ba laifi, akwai tsabta, ma'aikatan na da kirki, ƙofa kuma sai da lamba take buɗewa. Merv ya ci gaba da kai mata takarda kullum. Amma a can ba takardarsa ke mulki ba: ya rubuta wanka ƙarfe takwas, ma'aikaciya ta zo tara da rabi saboda aiki ya yi mata yawa. Noeline ta duba takarda, ta duba agogo, ta ga duniya ta ƙi bi. Wata biyu ta daina dubawa. Wata huɗu ta fara ninke takardar tana goge baki da ita. Yanzu in ya shigo takan tambaye shi ko shi ne mai gyaran ɗaki, ya ce e.

Sai da aka yi rabin shekara na iya buɗe baki, ni da ake cewa ko a makara sai na yi magana. Na same shi yana fitar da shara, na ce, "Merv, saƙon nan na canjin lokaci ya shigo wayata. A gabanka. Na gani na ture."

Ya daɗe yana gyara murfin kwandon.

"Na ga yatsanki ya motsa," in ji shi. "Na so in tambaya, sai na ji kunyar in sake cewa ban ji ba. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa barin wani ya karanta mini jadawali ba, Glenys. Sai da idona."

"To ka zage ni mana. Ka ce Rediyo mai jini, ka ce wani abu."

"Sai anjima, Glenys."

Tun ranar bai ƙara kirana da wancan suna ba, ni ma bakina ya ƙi faɗin Agogo.

A cikin kwalekwalen nan, muna komawa jirgi, ya tura agogonsa gaba da awa ɗaya. Da muka juyo gida kowa ya mayar da nasa baya, shi bai mayar ba, har yau. Ba mantuwa ba ce, na tambaye shi, ya ce ya san abin da yake yi. Ƙarfe goma ake buɗe wa masu ziyara ƙofa. Ƙarfe tara Merv yana wurin ajiye motoci, zaune a motarsa, takardar yau a kan cinya, da layin rawaya a ƙarƙashin abubuwan da ba wanda zai yi. Ni kuma agogon kicin ɗina ya tsaya tun damina, batir yake so. Na bar shi haka.